Daga Ƙasa Ake Cika Ƙafar Jirgi

A kan katangar ƙofar gidanmu a Ikara akwai kwalabe a jere. Baƙo yakan ɗauka zuma muke sayarwa, har wata mata ta taɓa tsayawa ta taya. Man giyar inji ne da Baba ya tsiyayo daga injinan mutane, kowace kwalba da ɗan ƙyalle a wuyanta don kada a manta mai ita. Babana, Malam Idi, makanike ne, amma ba ya gyaran mota. Aikinsa injin ban-ruwa, injin matse rake, injin niƙa, da tarakta idan ta samu. Rumfarsa tana jingine da zaurenmu, tagar zauren kuma tana kallon teburinsa. A bakin tagar nan nake aikin makaranta tun ina firamare, saboda ta fi ko'ina haske. Abin da zan rubuta, yawancinsa daga nan na gani ko na ji.

Baba ba ya kwance inji sai ya ga mansa. Zai tsiyaye shi a kwano, ya kai hanci, ya murza kaɗan tsakanin babban yatsa da manuni, sannan ya zuba a farar kwalba ya ɗora a katanga inda rana take. Daga nan sai ya wanke hannu ya shiga wani aikin. Mai inji yana tsaye yana duba agogo, Baba zai ce masa, "Zauna ka sha ruwa. A bar shi ya kwanta."

Akwai wani mutumin Kudan da ya kawo giyar injin rake ana tsakiyar yin mazarƙwaila. Ya ce a canza masa mai kawai, yana sauri, ya bar rake a yanke. Baba ya ɗaga kwalbar sama, ya juya ta a hankali, sai ga wasu 'yan ƙyalƙyali ja-ja suna yawo a ciki. Ya ce, "Alhaji, tagullar da sandar ke juyawa a kanta ce ta cinye. In na zuba maka sabon mai ka tafi, jibi za ka dawo da giyar a buhu." Mutumin ya yi fushi ya kwashi kayansa. Bai kai jibin ba. Washegari da la'asar ya dawo, kuma a buhun ya kawo ta. Baba bai tuna masa ba, ya dai shimfiɗa masa tabarma.

Wani mai niƙa kuma daga Likoro, mansa ƙauri yake kamar an manta tuwo a wuta. Baba ya shinshina sau ɗaya ya tambaye shi ko baƙin man da aka cire daga mota yake zubawa. Mutumin ya ce ai kowa haka yake yi, mai mai ne. Baba ya ce, "Kunu ma ruwa ne, amma ba ka alwala da shi."

Kayan aikinsa ba su da yawa. Sifanu a naɗe cikin tsohon buhun taki, kowanne da aljihunsa da Inna ta ɗinka. Maganaɗisun da ya ciro daga lasifikar rediyo. Gwangwanin madara uku, ɗaya na noti, ɗaya na boris da sandar inji ke juyawa a cikinsa, ɗaya na zoben robar nan da ke hana mai fita, wanda makanikai ke ce wa sil. Sai wani babban sirinji irin na ba shanu magani, da guntun tiyo a bakinsa, rataye a ƙusa can saman ginshiƙi. Duk sauran kayan ina ganin ana ɗauka ana mayarwa. Sirinjin nan kuwa ban taɓa ganin an sauke shi ba. Zanzaro har ya yi gini a bayansa.

Yaya Nura ɗan wan Baba ne. Ya yi shekara biyu a rumfar nan yana koyo, sai ya ce ya iya, ya je Makarfi ya buɗe tasa, da allo mai fenti a ƙofa. Hannunsa na da kyau, ko Baba yana faɗa. Sauri ne da shi, kuma duk abin da ya shige masa duhu sai ya duba a waya. Na sha jin yana cewa, "Canjin mai kuma har wani aiki ne? Ka kwance, ka tsiyaye, ka zuba, ka ɗaure."

Daminar bara, ruwa ya tafi da gadar da ke kai wa ƙauyen su Inna, can bayan Kurmin Kogi, ƙauyen da kowa ke ce wa Tsallake. Mutanen wurin tumatir suke nomawa. Wani ɗan garin da ke aiki a kudu ya ji labari, ya aiko musu da tsohon jirgin ruwa mai inji a kan tirela. Ya yi musu aiki mako uku, sannan ya fara kuka. Ƙanin Inna, Kawu Ilu, shi ne shugaban manoman, shi ya kira Yaya Nura. Mu ba mu san da maganar ba sai ranar wata Lahadi da hantsi, muna cikin dogon hutu, da a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Su biyu suka sauko da wani ƙarfe baƙi, tsawonsa ya kai ƙugun mutum, da farfela a ƙasansa.

Kawu Ilu ya durƙusa. "Yaya, ina kwana? An tashi lafiya? Ya iyali? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya mutan Tsallake? Ya jikin Hajiya?"

"Da sauƙi, tana gaishe ka. Ta ce tun da gada ta karye ka samu hujja."

"Ka ce mata surukin nata bai iya iyo ba."

Yaya Nura ya gaida Baba yana kallon ƙasa. Baba ya amsa, amma idonsa na kan ƙarfen. Ya zagaya shi sau ɗaya. Ya ɗora tafin hannu a samansa ya bar shi nan, kamar yadda Inna ke taɓa goshin ƙanina idan ba shi da lafiya. Sai ya ce, "Ƙafar jirgi. Rabon da in ga irinta tun ba a haife ka ba, Nura."

Daga baya ya yi mini bayani, don na tambaya. Irin wannan jirgin injinsa a ciki yake, kamar na mota. Ƙafar ce ke leƙowa ta baya ta nutse a ruwa. A cikinta akwai giya a sama, akwai giya a ƙasa, su ke kai ƙarfin inji ga farfela, kuma dukkansu a cikin mai suke wanka.

Kawu Ilu ya zauna a benci ya cire hula. "Yaya, maganar gajeriya ce. Kasuwar Makarfi da ta wuce ba mu kai ko kwando ɗaya ba. Kwalekwalen hannu kwando shida yake ɗauka, kuma da ƙarfin ruwan nan ba mai yarda ya tuƙa. Tumatir ya nuna yana fashewa a gona. Saura kwana uku kasuwa ta sake ci. In wannan ma ta wuce mu, to noman bana awaki muka yi wa."

"Nura, me ka gani?"

"Baffa, man ne yake komawa fari kamar kindirmo. Sau uku ina canzawa. Na ce ko ta notin tsiyaya ruwa ke shiga, na yanka masa sabon washa da zai toshe bakin ramin."

"Da me?"

"Da silifa."

Kawu Ilu ya ce, "Nawa ne ma. Da ƙafa ɗaya na koma gida."

Baba bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. Ya ce, "A injin ban-ruwa silifa tana yi, ni ma ina sawa. Can in ta gaza, mai ne zai ɗigo waje, ka gani ka gyara. A jirgi in ta gaza, kogi ne zai shiga ciki, kuma ba zai yi sallama ba. Sai me?"

"Sai kuka. Kuma samanta zafi take, ba a iya taɓawa."

Suka tsayar da ƙafar a jikin teburi suka ɗaure. Noti biyu ne a jikinta, ɗaya can ƙasa kusa da farfela, ɗaya a sama. Baba ya kwance na ƙasa, ya tara kwano, ya kwance na sama. Man ya zubo fari-fari, mai kauri. Da ya tsaya, Baba ya jira, ya karkata ƙafar, ya sake jira. Ya dubi kwanon, ko rabi bai kai ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baffa. Da na zuba har ya cika ya tumbatso."

Baba ya ɗauki kwanon. Ya zuba man a kwalba, ya yagi bakin wani shuɗin ƙyalle ya ɗaura mata, ya ɗora a katanga.

"Yaya, kwana uku fa," in ji Kawu Ilu.

"Na ji. A bar shi ya kwanta. Safiya, kawo musu ruwa."

Na kai ruwa na koma tagata. Suna zaune suna jira, Baba ya ɗauko notin ƙasa yana juya shi. A bakinsa akwai ɗan maganaɗisu, ya kama wani baƙin gari. Ya shafo shi da yatsa ya nuna wa Yaya Nura.

"Ka ga wannan? Laushi kamar kwalli. In haka ne, giya ta gaji ne kawai. In ka ji tsini yana sukar yatsa, haƙori ya karye, sai dai a yi wa masu jirgi jaje. Wannan ba a waya na koya ba. Ina da shekara goma sha bakwai mahaifinmu ya haɗa ni da wani direban lodin albasa, ya kai ni Yawuri wurin Malam Bawa mai gyaran jirage. Wata shida ban riƙe sifana ba. Aikina wanke ƙarfe da kananzir, da tsiyayar mai. Duk man da na tsiyayo sai na kai masa, ya ce in faɗi abin da na gani. In ce baƙi ne. Ya ce wane irin baƙi? Baƙin tsufa daban, baƙin ƙuna daban. In ce fari ne. Ya ce na jiya ne ko na makon jiya? In na kasa, ya ce in je in ci abinci in dawo in sake kallo. Masu jirage kuwa ba su da haƙuri, sun fi manoman Tsallake. Mutum zai zo da fasinja a zaune cikin jirgi, da tumakinsu, yana ihu a yi sauri. Malam Bawa zai ce masa, a tudu in inji ya mutu sauka ake a tura. A ruwa wa zai sauka?"

Da aka sauko daga sallar azahar ya ɗauko kwalbar. Ruwa ya fara kwanciya a gindinta, faɗin yatsa guda, da ɗan laka-laka ja a ƙarƙashi.

"Ruwan kogi ne, kuma da yawa. Washa ba ya shigar da wannan. Akwai ƙofa a wani wurin."

Ya aiki Yaya Nura ya aro famfon keke da agogon iska wurin mai faci. Ya ɗaure notin ƙasa, ya haɗa bakin famfon da ramin sama, ya naɗe da roba. Suka cika rabin duro da ruwa suka tsoma ƙafar. Yaya Nura ya buga famfo sau biyar, Baba ya ce ya isa, ba taya ba ce. Muka zuba ido. Daga tagar ina hango saman ruwan. Sai ga kumfa ƙanana suna tasowa a jere, ɗaya bayan ɗaya. Ba daga wurin noti suke fitowa ba. Daga bayan farfela ne.

"Ka taɓa cire farfelar?"

"A'a, Baffa. Ai lafiyarta lau, tana juyawa."

"Cire."

Da farfelar ta fita, sai ga wani zobe kore a naɗe jikin sandar, ya narke ya daskare. Baba ya sa tsinken ƙarfe ya ɓanɓaro shi, ya warware bakinsa. Zaren komar masunta ne, na roba. Ya naɗe a sandar, yana juyawa tare da ita, har ya yanka sil ɗin da ke bayansa kamar an sa reza.

Kawu Ilu ya riƙe baki. "Wannan ɗan zaren? Shi ya hana mu kasuwa?"

"Shi ya shigar da ruwa. Kukan da zafin kuma wani abu ne daban." Baba ya juya. "Nura, ta ina ka zuba man?"

"Ta sama mana, Baffa. Ta ina ake zuba mai?"

Baba ya goge hannunsa da tsumma, yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a kan gwangwanin giris.

"Haka na ce wa Malam Bawa. Kalmomin nan naka, ba ragi. A shekarata ta uku ya tafi jana'iza ƙauye ya bar mini rumfa. Aka kawo jirgi irin wannan, na wani mai lodin albasa, a canza mai. Kullum ina ganin Malam yana durƙusawa yana tura man ta ramin ƙasa da sirinji, a hankali, har gwiwarsa ta yi ciwo. Ni a raina wahalar da kai ce irin ta tsofaffi. Na sa mazurari a sama na zuba, ya tumbatso, na ɗaure. Ban daɗe ba na gama, har mai jirgin ya yaba mini. Abin da ban sani ba, cikin ƙafar nan lungu-lungu ne, hanyar kuma ƙarama. In ka zuba ta sama, iska ba ta da wurin fita, sai ta tokare man. Ka ga ya tumbatso ka ce ta cika, alhali rabinta iska ce. Da inji ya tashi, man ya gangara ƙasa, giyar sama ta zauna a bushe.

"Jirgin ya kai tsakiyar kogi da albasa har baki, giyar ta kama wuta ta liƙe. Ruwa ya ja su ya kai su wani tsibiri. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma kwana uku kafin a samu jirgin da zai jawo su, ruwan sama kuma yana dukan albasar. Da aka kawo ta bakin gaɓa, da hanci ake sanin ta iso.

"Malam Bawa bai zage ni ba. Ya karɓi sifanun da ya ba ni, ya miƙo mini kwanon kananzir. Shekara guda cur ina wanke ƙarfe tare da yaran da na girma. Suna aka sa mini a bakin kogi, Mai Albasa. In mai jirgi ya zo, kafin ya gaisa zai ce kada Mai Albasa ya taɓa masa. Shekarar ce kuma ruwa ya ja baya da wuri, jirage suka zauna a kan yashi, rumfa ta yi shiru, wani yinin sai rogo. Na so in gudo gida. Abin da ya hana ni, ban san me zan ce wa mahaifinmu ba. Da shekara ta cika aka kawo wata ƙafar, masu ita suna tsaye, Malam ya ciro sirinjinsa ya miƙo mini a gabansu. Suka yi gunaguni. Ya ce in ba su so, ga hanya. Na durƙusa na cika ta. Ranar da zan dawo Ikara ya ce in tafi da sirinjin."

Ya nuna saman ginshiƙi da haɓa. Yaya Nura ya ɗaga kai. Ya yi shekara biyu a ƙarƙashin sirinjin nan, ina jin ranar ya fara ganinsa.

"Ka yi sa'a," in ji Baba. "Kogin Tsallake ba shi da faɗi. Kafin ta ƙone kun kai gaɓa, ta huce. Shi ya cece ka."

Kawu Ilu ya ce, "Ashe Mai Albasa muka ba 'yar'uwarmu. Da mun sani!"

"Da kun sani da kun ƙara mini da tumatir."

Washegari da sassafe Yaya Nura ya tafi Zariya neman sil, da tsohon a cikin kwalin ashana. Baba ya ce biyu ake sawa, baya da baya, ɗaya ya tare mai, ɗaya ya tare ruwa. Shi kuma ya yini a kan giyar sama. Ya buɗe ta, ya wanke, ya bi haƙoran ɗaya-ɗaya da farce. Boris ɗaya ya yi shuɗi saboda zafi. Ya juya shi kusa da kunnensa, ya yamutsa fuska, ya zazzage gwangwaninsa a kan buhu har ya samu daidai shi. Azahar ta yi, Yaya Nura bai dawo ba. La'asar ta yi. Kawu Ilu ya kira waya sau huɗu daga Tsallake, yana cewa mutane sun fara tsinka, sun ce ko a kai ne za su ɗauka. Baba ya ce ya hana su shiga ruwa.

Rana ta yi sanyi sannan ya iso, wandonsa duk taɓo. Ya ce shago na biyu ya samu wanda ya kusa, mai shagon ya rantse masa zai shiga in an buga da guduma.

"Ka karɓa?"

"A'a, Baffa. Na ce kusa ba daidai ba ne. Sai a shago na tara na samu, wurin masu kayan tarakta."

Baba ya ɗora sabon a kan tsohon, ya ɗaga su wajen haske. Ya matsa gefe ya bar masa teburin. Da aka sa su, aka sake buga iska aka tsoma a duro. Ruwan ya tsaya cik. Suka bar agogon iskar a jiki suka tafi sallar magariba, ni kuma na riƙa leƙa allurar. Har suka dawo tana inda suka bar ta.

Ranar Talata Inna ta ce in bi su in gaida Hajiya, in kai mata magani. Baba ya hau benci ya sauko da sirinjin, ya kakkaɓe gidan zanzaron, ya wanke shi da kananzir, ya canza masa tiyo. A bakin kogi mun tarar da mutane, a wancan gefen kuma kwanduna ne jere an rufe su da ganye, ja yana leƙowa. Aka ja bayan jirgin kan tudu, aka ɗaura ƙafar, aka tsayar da ita sak. Baba ya buɗe galan ɗin man giya mai kauri, irin na manyan motoci. Ya ce na jirgi na asali ya fi, amma wannan zai yi in ana dubawa duk mako.

Sai ya miƙa wa Yaya Nura sirinjin.

Wani dattijo mai jar hula ya ce, "Haba Malam Idi. Yaron nan fa sau uku yana yi. Kai muka sani."

"Ni gwiwata ba ta durƙuso," in ji Baba. Jiya kuwa na gan shi a durƙushe tun safe. "Shi ya samo sil ɗin, shi ya sa. Aikinsa ne. Ni tiyo zan riƙe masa."

Yaya Nura ya durƙusa cikin taɓo. Ya cusa tiyon a ramin ƙasa, na sama a buɗe. Ya zuƙo mai, ya tura. Duk lokacin da zai cire sirinjin ya sake zuƙowa, Baba ya lanƙwashe tiyon da yatsa biyu don kada man ya dawo. Iyakar abin da ya yi ke nan, sai faɗin "A hankali" da ya yi sau biyu. Ina ƙirgawa a zuci. A na goma sha biyu Yaya Nura ya ɗago ya ce, "Da ta sama ne, nan ya tumbatso." Baba ya ce ya ci gaba. Mutane suka fara gajiya, wani ya ce rana na yi. A na ashirin da shida ramin sama ya yi tsaki, ya tofo kumfa. Yaya Nura ya kai hannu ga noti, Baba ya girgiza kai. Ya sake turawa, kumfa. Ya sake. Sai man ya fito sumul, ba ko ƙwayar iska, ya gangaro jikin ƙarfen.

"Yanzu. Na sama tukuna, shi zai riƙe maka man. Sannan ka zare tiyo ka ɗaure na ƙasa, kada ka tsaya kallo."

Washa na tagulla suka sa. Kawu Ilu ya ce alhamdu lillahi, yau da takalminsa zai koma.

Aka tura jirgin ruwa, direban ya tayar. Mu muka fara hayewa, ni da Baba da Yaya Nura da Kawu. Na riƙe bakin jirgin da hannu biyu. Ruwan ja ne, yana tafe da rassan itace. Kowa kunne ya kasa. Da muka taɓa gaɓa, Baba ya leƙa baya ya ɗora tafinsa a saman ƙafar. Ya daɗe bai ɗauke ba. Sai ya kamo hannun Yaya Nura ya ɗora a wurin.

"Ɗumi kawai," in ji Yaya Nura.

"A yi lodi," in ji Baba.

Na je na gaida Hajiya na dawo, na tarar sun yi sawu uku. Baba ya sa aka jawo bayan jirgin tudu, ya ce in ba shi farar takarda. Na yago daga littafin da ke jakata. Yaya Nura ya sassauta notin ƙasa kaɗan, ɗigo biyu suka sauka a takardar, ya ɗaure. Ya ɗaga ta sama, ya shinshina, ya murza. Dattijon mai jar hula ya matso yana leƙe.

"Ya ka gani, Malam Nura?"

"Garau yake, Baba. Amma ku gaya wa masunta su ɗage komarsu daga mashigi. Kuma duk Juma'a zan zo in cire farfela in duba."

Har rana ta faɗi jirgin na kai da kawowa. Washegari motoci uku suka tashi daga bakin kogi zuwa Makarfi. Wanda ya riga ya fashe a gona ya tafi, ba yadda za a yi da shi, amma Kawu Ilu ya ce abin da ya fita ya fi abin da ya lalace. Ya aiko mana da kwando guda, da saƙon cewa na Mai Albasa ne, ya haɗa miya.

Ranar Asabar ina bakin taga Yaya Nura ya zo a babur. Bayan sun gaisa ya ciro 'yar kwalba daga aljihu, man ƙafar jirgin Tsallake ne, da shuɗin ƙyalle a wuyanta, ya ɗora a katanga cikin na Baba. Ya zauna a benci. Baba na gyaran injin ban-ruwa, bai ɗago ba.

"Ba ka sauri yau?"

"A'a, Baffa. A bar shi ya kwanta."

Da azahar suka duba tare. Babu komai a gindin kwalbar. Da zai tafi, Baba ya naɗe sirinjin a tsumma ya sa masa a jakar babur, ya ce Makarfi ta fi kusa da masu kiransa.

Da aka koma makaranta motar makarantarmu ta bi ta gaban rumfar Yaya Nura, ranar da muka je gasar karatu. Allon mai fenti na nan. A kan ɗan dakalin gefensa na ƙirga kwalabe huɗu a rana, da wani mutum zaune yana duba agogo. A gida kuwa, ƙusar saman ginshiƙi ta yi kwana biyu ba komai. Yanzu Baba a nan yake rataye hularsa.